SHARHI: Ɗalibin Kurfey a jami'a na bukatar wanda zai saurare shi, ba maganin zazzaɓi kaɗai ba

Daga Filinge zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 180 ce. Ga matashin da ya ci jarrabawar BAC daga Chikal ko wani ƙauyen ƙasar Kurfey, wannan ita ce hanyar da dangi suka daɗe suna yi wa addu'a. Ana haɗa masa garin gero da 'yan kuɗin mota, a ce Allah ya ba da sa'a. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa zai duba shi idan ya kwanta ciwo a can, balle idan ciwon ba na jiki ba ne.

Akasarin waɗannan ɗalibai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suke nufa, wasu kuma Jami'ar Boubacar Bâ ta Tillaberi, ɗaya daga cikin jami'o'i huɗu da aka ƙirƙiro a 2014. A tsarin Nijar, kula da rayuwar ɗalibi a wajen aji aikin hukumar CROU ne: makwanci, abinci, sufuri, wasanni da kiwon lafiya. Ke nan lafiyar ɗalibi haƙƙi ne da gwamnati ta ɗora wa kanta, kuma ɗalibi na da hurumin tambayar yadda ake sauke shi.

Ta fuskar ciwon jiki, kowa ya san inda matsalar take. Da damina zazzaɓin cizon sauro ne, da bazara fargabar sanƙarau, cutar da ta addabi Yamai a 2015 har aka rufe makarantu na ɗan lokaci. Cunkoson ɗakunan kwana na taimaka wa yaɗuwar cuta. Ɗalibin Yamai dai yana da sa'ar cewa asibitin ƙasa na Amirou Boubacar Diallo, wanda aka fi sani da Lamorde, yana kusa da jami'a a unguwannin Harobanda. Amma kusancin asibiti ba ya sayen magani idan kuɗin tallafin karatu sun makara, kuma jinkirin biyansu na cikin koke-koken da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta fi maimaitawa shekara da shekaru.

Ɗaya ciwon, wanda ba ya nuna kansa a na'urar auna zafin jiki, shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa.

Matasan da ke shiga jami'a yanzu daga arewacin jahar Tillaberi sun yi ƙuruciyarsu ne cikin tashin hankali. A watan Disamba na 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, a watan Janairu na 2020 aka kashe 89 a Chinagodar. A ranar 15 ga Maris, 2021, 'yan bindiga sun tare masu dawowa daga kasuwar Banibangou, mutum 58 suka rasa rayukansu. Banibangou kuwa a ƙarƙashin Ouallam take kafin sake fasalin gundumomi na 2011, mutanen yankin dangi ne, abokan kasuwa ne. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jahar, iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun koma zaman gudun hijira a manyan garuruwa. Ɗalibin da ya fito daga cikin wannan ya zauna a ɗakin lacca, wayarsa na aljihu, gabansa na faɗuwa duk lokacin da ta yi ƙara daga gida. Idan ya kasa barci, ya kasa riƙe karatu, ya faɗi jarrabawa, sai a ce ragwanci ne, ko birni ya lalata shi.

Likitoci ba haka suke kallon lamarin ba. Mutumin da ya ga kisa, ko ya daɗe cikin tsoro, yana iya fama da mugayen mafarkai, firgita, saurin fushi da kaucewa mutane, watanni ko shekaru bayan abin ya wuce. Bincike ya nuna mafi yawan cututtukan ƙwaƙwalwa na fara bayyana ne kafin mutum ya kai shekara 25, wato daidai shekarun zaman jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta lissafa kashe kai cikin manyan abubuwan da ke hallaka matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Wanda bai samu mai saurarensa ba yakan nemi wata mafita, kuma tiramol ba ya wuyar samu a titunan Yamai.

A gida, idan aka ga yaro ya sauya, abin da ake fara cewa shi ne sammu ko iska, sai a nufi malam. Ba aikin jami'a ba ne yaƙi da imanin mutane, addu'a kuma na kwantar wa da yawa hankali. Sai dai akwai ciwon da ke bukatar likita, kuma jinkiri na ƙara masa tsanani. Babban cikas shi ne kunya. A Yamai, da an ambaci Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, kowa ya san abin da ake nufi, kuma ba ɗalibin da zai so a gan shi a ƙofar. Ɗaliba mace ta fi shiga tsaka mai wuya, domin magana ɗaya na iya bin ta har ranar da za a zo neman aurenta. Shi ya sa wurin ba da shawara ya kamata ya kasance cikin ɗakin shan maganin jami'a, ƙofa ɗaya da ta mai ciwon ciki, yadda ba wanda zai gane me ya kawo wani. Kuma a tabbatar abin da aka faɗa a ciki bai isa kunnen malamin aji ko shugabannin tsangaya ba.

Za a ce ina ƙwararrun, kuma tambaya ce mai tushe. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna a nahiyar Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000. To amma saboda irin wannan ƙarancin ne hukumar ta fito da shirin mhGAP a 2008, wanda ke koya wa malaman jinya da likitocin gama-gari yadda za su gane ciwon damuwa, su ba da taimakon farko, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, kuma gwaji ya tabbatar tsarin na rage ciwon. Jami'ar da ke da tsangayar koyon aikin likita a cikinta ba ta da hujjar cewa horar da ma'aikatan jinyarta da wasu zaɓaɓɓun ɗalibai ya fi ƙarfinta. Tillaberi, wadda ke tsakiyar yankin da abin ya shafa, ita ta fi cancanta a fara da ita.

Ƙungiyar USN na da tarihin da ba a raina shi. Ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu, 1990 na cikin abin da ya buɗe ƙofar dimokuraɗiyya a Nijar. Ƙungiyar da ke iya tsayar da karatu saboda kuɗin tallafi da motocin sufuri na iya sanya mai ba da shawara da wadatar magani cikin jerin bukatunta idan ta zauna da ma'aikatar ilimi mai zurfi.

'Yan Kurfey da ke nema a Akara, Abijan, Legas ko Turai su ne ke biyan kuɗin karatun ƙanne da yawa. Ƙungiyoyinsu na 'yan gari ɗaya, da ke tara kuɗi don haƙa rijiya ko gyaran masallaci, na iya ware wani abu don jinyar ɗaliban yankin, a damƙa wa amintaccen mutum a Yamai. Idan kuma yaya ya kira ƙanensa bayan ya tura kuɗi, kada tambayar ta tsaya kan sakamakon jarrabawa. Ya tambaye shi ko yana samun barci, yana cin abinci, da wa yake hira, ya kuma jira ya ji amsar kafin ya kashe waya.