ZANCEN GIDA: Saye Ne, Ko Kuwa Aro?

Wasiƙa ta zo mana a watan da ya wuce daga wata 'yar'uwa cikin Ubangiji, uwar 'ya'ya biyar, mai hidima cikin zumuntar mata. Ta roƙe mu kada mu faɗi sunanta, mun kuwa yarda. Ga abin da ya sami gidansu.

Babban ɗanta, wanda yake aiki a Abuja, ya saya wa ƙanensa akwatin wasan nan da ake haɗawa da talabijin, wanda yara suke ce masa gem. A kantin da aka saya, yaron kanti ya ce bari ya taimaka. Shi ya buɗe wa akwatin asusu a intanet, da imel nasa, da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani. Shekara biyu ƙanen nan yana tara kuɗi, na goron Kirsimeti da na aikin hutu a gonar kawunsa, yana tura wa yaron kanti, shi kuwa yana zuba masa wasanni, har suka kai tara. Ran nan da aka kunna akwati sai ga hoton kwaɗo a kan kowane wasa. Akwati yana neman lambar sirri. Aka je neman yaron kanti, aka ce ya bar garin tun damina, wayarsa kuma ba ta shiga.

Maigidan ya ɗauki akwati ya tafi wurin mai kanti. Mai kanti ya jona shi, ya ga yana kamawa, ya ce, "Baba, ni akwati na sayar muku, ga shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ciki ba kayana ba ne." Yaron ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Uwar ta rufe wasiƙarta da tambaya: "An cuce mu ne, ko kuwa mu ne ba mu gane ba? In mutum ya sayi abu da kuɗinsa, ashe ba nasa ba ne?"

'Yar'uwa, duka biyu ne. Yaron kanti bai kyauta ba. Amma akwai abin da ya fi wannan, wanda ya kamata kowane gida ya sani tun ba a sake fitar da kuɗi ba.

Mu da muka tashi a ƙauye mun san bambancin gonar saye da gonar aro da gonar jingina. Dukansu ana nomawa, dukansu ana cin amfaninsu. Mai wucewa a hanya ba zai iya bambanta su ba. Sai ran da mai gona ya zo da tasa magana, sa'an nan a san wadda za a bar wa 'ya'ya gādo da wadda za a mayar. Masu karatu za su tuna da annabi Irmiya, a sura 32, sa'ad da ya sayi gona a Anatot daga wurin ɗan'uwansa Hanamel. Ya auna shekel 17 na azurfa a gaban shaidu, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, aka ba Baruk ya ajiye su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Wannan shi ne saye: kuɗi, da shaidu, da takarda a hannun mai saye.

To, wasan da ake saya a faifai ya fi kama da wannan. Faifan yana hannunka. Kana iya ba maƙwabci aro, kana iya sayarwa gwanjo in ka gaji da shi, ƙanenka yana iya gadonsa. Amma wasan da ake biya a intanet a sauke shi cikin akwati, ba kayan ka saya ba. Izini ka saya, watau lasisin yin wasan. Haka yake a rubuce cikin doguwar yarjejeniyar nan da ake nunawa da Turanci ran da aka buɗe asusu, wadda ba mu taɓa ganin wanda ya karanta ta har ƙarshe ba, mu ma kuwa ba mu karanta ba sai da wasiƙar nan ta zo. Izinin nan a ɗaure yake da asusu, ba da akwati ba. Wanda yake riƙe da imel da lambar sirri, shi ne mai wasanni a idon kamfani, ko da wani ne ya yi guminsu. Saboda haka wasanni tara na ɗanki, 'yar'uwa, suna nan ba su ɓace ba. Suna tare da yaron kanti, duk inda yake.

Kada a ce mu ne kaɗai ba mu waye ba. A Amurka ma mutane sun daɗe suna danna wurin da aka rubuta "saya" suna tsammani sun mallaka. Har sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a watan Satumba 2024, wadda ta fara aiki a Janairu 2025, cewa kantin intanet ba zai ce wa mutum ya saya ba sai ya bayyana masa a fili cewa lasisi ne kawai yake karɓa.

Ko da asusu yana hannun mutum ma, kantin kansa ba ya dawwama. Kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya fara da yin katin wasa na takarda tun 1889, ya rufe kantin akwatinsa Wii a Janairu 2019, ya kuma daina sayar da wasanni a kantin Wii U da 3DS a Maris 2023. Microsoft ya rufe kantin Xbox 360 a Yuli 2024. Gaskiya ne a waɗannan biyu na baya an ce wanda ya riga ya saya yana iya sake sauke abinsa, amma alheri ne na kamfani, shi yake da ikon faɗin ranar da zai ƙare.

Wanda ya fi ba mutane haushi shi ne wasan tseren motoci mai suna The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa. Ya fito a 2014. An yi shi yadda ba ya tashi sai ya yi magana da manyan kwamfutocin kamfani ta intanet. A ƙarshen Maris 2024 kamfani ya kashe kwamfutocin nan, wasa kuwa ya mutu a gidan kowa rana ɗaya. Har wanda yake da faifai a hannu bai tsira ba, faifan ya zama abin rataye a gona don korar tsuntsaye. Mun faɗi wannan domin kada wani ya ɗauka mun ce faifai laya ne. Sai an duba bayan kwalinsa a ga ko an rubuta cewa dole sai da intanet.

Ga shi kuma faifan kansa yana ja da baya. Tun 2020 Sony ya fito da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya da bakin sa faifai, ɗaya babu, Xbox Series S kuwa ba shi da shi ko kaɗan. Marar bakin ya fi araha, shi ya sa uba mai son ya faranta wa ɗansa rai zai fi miƙa hannu gare shi. Amma wanda ya saye shi ya rufe wa kansa ƙofar aro da ta gwanjo. Kanti ɗaya ya rage masa, na kamfani, da farashin da kamfani ya yanka.

Sai maganar mayar da kaya. Mun saba in rediyo ya ƙi aiki mu koma wurin wanda ya sayar mana, mu gaisa, mu tambayi iyali, sa'an nan mu faɗi abin da ya kawo mu. In ya ƙi ji, akwai sarkin kasuwa, akwai dattawa. Kantin intanet ba shi da benci da za ka zauna. Doka ce a rubuce. Ta Sony ta ba mutum kwana 14 ya nemi a mayar masa da kuɗi, amma in ya riga ya fara sauke wasan, ya rasa wannan dama, sai dai in wasan da lahani ya zo. Wane yaro ne zai biya kuɗin wasa ya zauna yana kallonsa bai sauke ba?

A wurinmu kuma akwai ƙari. A 2024, sa'ad da aka yi babbar gardama kan ƙasashen da Sony yake buɗe wa asusu, ya fito fili cewa a ƙasashen Afirka, Afirka ta Kudu ce take cikin jerin. Najeriya, da Nijar, da Gana ba su ciki. To, abin da yaran kanti suka saba yi shi ne su rubuta cewa mai akwati yana zaune a Amurka ko Ingila, su sa adireshin wani gida da ba su taɓa gani ba, sa'an nan a riƙa sayen katin kuɗi na wannan ƙasa ana zubawa. Ƙasar da aka zaɓa kuwa ba a sāke ta daga baya. In matsala ta taso, kamfani zai tambayi imel, da ranar haihuwa, da shaidar biya, duk kuwa an gina su a kan abin da ba haka yake ba. Mun san da yawa za su ce ai kowa haka yake yi, ba wata hanya. Ba za mu yi kamar abin yana da sauƙi ba. Amma mun ga ya kamata uba mai bi ya san cewa an rubuta wa ɗansa adireshin ƙarya da sunan gidansa, ya zauna da yaron su yi maganar. Yaron da ake koya masa a makarantar Lahadi cewa i tasa ta zama i, yana lura da abin da iyayensa suka kau da kai a kansa.

Wata hasara kuma daga cikin gida take fitowa. Wasanni da yawa kyauta ake shiga, sa'an nan a riƙa sayar wa mai wasa riga, da makami, da rawa, kaɗan kaɗan. In an taɓa sa katin bankin maigida sau ɗaya, akwati yana iya riƙe lambarsa. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya yarda ya biya dala miliyan 520 a sulhun da ya yi da hukumar kula da ciniki ta Amurka. Miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane ne. Bisa ga ƙarar hukumar, an shirya maɓallan wasan yadda danna ɗaya bisa kuskure zai cire kuɗi, yara suna saye ba da sanin iyaye ba, waɗanda suka kai kuka banki kuma aka kulle musu asusu. Ƙasar Beljiyam ita ma tun 2018 ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi cikin wasu wasanni, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, caca ne. Mu ma ba mu san wani suna da za mu ba su ba.

Amma kada mu bar ku da zaton cewa mai saye ba shi da baki. Abin da ya ba mu mamaki da muka bi labarin shi ne yawan lokatan da kukan masu wasa ya juyar da manyan kamfanonin nan. A 2013 Microsoft ya ce sabon akwatinsa Xbox One sai ya leƙa intanet sau ɗaya kowace sa'a 24, ya kuma sa ƙa'idodi a kan ba da aron faifai. Mutane suka yi ca, cikin watan Yuni ya janye tun akwatin bai shiga kasuwa ba. A Disamba 2020 wasan Cyberpunk 2077 ya fito cike da lahani, Sony ya cire shi daga kantinsa ya mayar wa masu so kuɗinsu. A Maris 2021 Sony ya ce zai rufe kantin PlayStation 3 da na Vita, a Afrilu ya ce ya yi kuskure, ya fasa. Bayan mutuwar The Crew kuma wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara kamfe, har takardar koken da aka kai wa Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya a Yuli 2025. Sai dai a lura, waɗanda aka ji kukansu mutane ne masu yawa, da suka yi magana da murya ɗaya, a ƙasashen da kamfani yake tsoron hukuma. Kukan gida ɗaya a Kafanchan ko Maraɗi bai kai can ba tukuna.

Saboda haka abin da muka rubuta wa 'yar'uwarmu ba mai yawa ba ne. A ci gaba da neman yaron kanti ta hannun maigidansa da danginsa, da lalama, gama shi kaɗai yake iya buɗe kwaɗon nan, wataƙila kuma ba da mugunta ya tafi ba. In za a buɗe sabon asusu, uba ko babban wa ya buɗe da hannunsa, da imel na gida, a rubuta lambar sirri a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun haihuwa da na baftisma. A yi wa yaron nasa asusun a ƙarƙashin na babba, gama akwatunan Sony da Microsoft da Nintendo duka suna da wurin da iyaye za su hana saye ko su sa masa iyaka. Kada a bar katin banki a ciki. A riƙa ajiye shaidar kowane biya. Wanda kuma bai sayi akwati ba tukuna, yana kuwa da niyya a Kirsimetin nan, ya tambayi mai kanti a gaban shaida ko sabo ne ko ɗan Kwatano, wata nawa zai karɓa in ya lalace, a kuma rubuta amsar a kan rasit.

Ta sake rubuto mana kafin mu kai wannan shafi wurin bugawa. Ba a sami yaron kanti ba har yanzu. Amma da aka sayi akwatin, wan ya haɗa da faifai biyu, ɗaya na ƙwallon ƙafa, su kuwa suna aiki. Ta ce ran Asabar ta leƙa falo ta tarar da maigidan zaune a kan tabarma, yaron yana koya masa yadda ake buga fanareti, an kuwa ci shi huɗu da nema.