Cinikin Biri a Sama: Karo-karon Gina Wasannin Intanet

Maƙalar wannan mako ta ɗan kauce wa layin da muka saba, amma ku daure ku bi mu zuwa ƙarshe, za ku ga inda ta shafe mu.

Magana ce a kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai tun daga 2012. Masu ƙera wasannin kwamfuta sukan fito intanet su ce wa jama'a: ku yi mana karo-karo, mu gina muku wasan da ba a taɓa ganin irinsa ba. Ba kowane wasa muke nufi ba. Muna nufin irin wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda, kowa daga ɗakinsa, su haɗu a duniya ɗaya su yi fatauci, su yi yaƙi, su kafa ƙungiyoyi. Matsayinmu a fili yake. Tara kuɗin irin wannan wasa ta hanyar karo-karo cinikin biri a sama ne, kuma lissafinsa ba ya fita tun daga tushe, ko da mai karɓar kuɗin mutumin kirki ne.

Mu fara da yadda abin yake gudana. Dandalin da ya fi shahara a wannan harka shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009. Mai aiki zai faɗi adadin da yake nema, ya sa wa'adi. In an cika adadin, sai a miƙa masa kuɗin bayan dandalin ya cire kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ma su yanki nasu. Wanda ya ba da kuɗinsa ba shi da hannun jari a kamfanin. Ba rance ya bayar ba da zai bi bashi. Ba kuma adashe ba ne, balle ya jira ranar kwasarsa. Alkawari kawai ya saya. Kickstarter da kansa yana faɗa cewa shi ba kanti ba ne, kuma ba shi ke mayar wa mutane kuɗinsu ba idan aiki ya lalace.

A 2012 wani kamfani mai suna Double Fine ya nemi dala dubu 400, jama'a suka zuba masa sama da miliyan 3. Daga nan kowa ya ɗauko ƙoƙonsa. Kada a yi mana mummunar fahimta, ba karo-karon kansa muke suka ba. Akwai wasannin da aka tara musu kuɗi haka, suka fito, suka yi kyau. Pillars of Eternity ya tara kusan dala miliyan 4 a 2012, ya fito a 2015. Sai dai shi wasa ne da mutum ke yi shi kaɗai a kwamfutarsa. Irin wannan kamar littafi yake: ranar da aka gama shi an gama, ko kamfanin ya rushe gobe, abin da ka saya yana hannunka. Wasan taron jama'a ba haka yake ba, kuma a nan matsalar take.

Abu na farko shi ne kuɗin ginin. Wasan Star Wars: The Old Republic, wanda ya fito a 2011, rahotanni sun ce ya lashe kusan dala miliyan 200. To, nawa masu karo-karo suka tara? Camelot Unchained ya tara kimanin dala miliyan 2.2 a 2013. Crowfall ya tara kusan miliyan 1.8 a 2015. Pathfinder Online ya ɗan haura miliyan 1 a farkon 2013. Mu yi lissafin 'yan firamare. Mu ƙaddara ma'aikaci ɗaya, da albashinsa da hayar ofis da kayan aiki, yana cin dala dubu 100 a shekara. Mutum 20 za su cinye miliyan 2 cikin shekara guda. Alhali irin wannan wasa yakan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ya tsaya da ƙafarsa. Kuɗin da jama'a suka tara bai wuce na harsashi ba, amma hoton bene aka nuna musu. Sauran kuɗin sai an je neman masu zuba jari, ko a sake dawowa kan jama'ar nan dai a ce su ƙaro.

Abu na biyu, ko an gama ginin, kashe kuɗi bai ƙare ba. Wasan yana zaune ne a kan manyan kwamfutocin kamfani da ake kira sabar, waɗanda dole su kasance a kunne dare da rana. Akwai kuɗin hayarsu. Akwai albashin masu gyara, da masu korar 'yan maguɗi, da masu amsa koken jama'a, da masu ƙirƙiro sabbin abubuwa don kada a gaji a watse. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya rayu ne saboda miliyoyin mutane na biyan kusan dala 15 kowane wata, har ya kai masu biya miliyan 12 a 2010. Karo-karo kuwa sau ɗaya ake yi. Abin da ya fi muni, mutanen da suka fi son wasan sun riga sun biya tun shekarun baya, an kuma cinye kuɗinsu a wajen gini. Ranar buɗewa za su shigo ne a matsayin masu bin bashin alkawari, ba sababbin masu saye ba. To da me za a biya kuɗin sabar na watan gobe?

Abu na uku shi ne taron kansa. Irin wannan wasa kasuwa ce, kuma rumfuna ba sa yin kasuwa sai da mutane. Wanda ya shiga ya tarar babu abokin yaƙi, babu abokin ciniki, gobe ba zai dawo ba, tafiyarsa kuma ta ƙara wa wanda ya rage kaɗaici. Haka ake zarewa ɗaya bayan ɗaya har kasuwa ta tashi. Wannan ciwo bai bar masu ƙarfi ba ma. WildStar yana da babban kamfani, NCSoft, a bayansa, ya fito a 2014, aka rufe shi a 2018. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ku duba ƙarshen waɗanda muka lissafa. Crowfall ya fito a Yulin 2021, bayan shekara shida ana jira. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da shi ga wani kamfani, a Nuwamban 2022 kuma aka kashe sabar da sunan za a sake tsari. Kamfanin Pathfinder Online ya sallami yawancin ma'aikatansa a 2015, aka rufe wasan a 2021. Camelot Unchained ya haura shekara goma bai kammala ba, a tsakani ma kamfanin ya sanar da wani wasa daban a 2020, abin da ya fusata waɗanda suka ba da kuɗinsu. Chronicles of Elyria ya tara sama da dala miliyan 1.3 a Kickstarter a 2016, ya ci gaba da karɓa a shafinsa har jimillar ta kusa miliyan 8. Me ake sayarwa? Filaye da sarautu a cikin duniyar wasan. Mutane suka biya dubban daloli don zama sarakunan garuruwan da ba a aza ko tubalinsu ba. A Maris na 2020 mai kamfanin ya sanar da cewa kuɗi sun ƙare, ya sallami ma'aikata. Wasu suka garzaya kotu, amma masarautar da suka saya ba ta bayyana ba.

Wani zai ce, ai duk waɗannan ƙarancin kuɗi ne ya kashe su, da an tara da yawa da an ga aiki. Amsar wannan tana wajen Star Citizen. Chris Roberts, wanda ya yi suna da wasan Wing Commander tun 1990, ya buɗe nasa karo-karon a Oktoban 2012. Kafin ƙarshen Nuwamba ya tara sama da dala miliyan 6, aka ce wasa zai fito a 2014. Ba a rufe asusun ba. A 2022 kuɗin sun haura dala miliyan 500, a 2024 sun haura miliyan 700. Shekara goma bayan wa'adin farko, wasan yana matakin gwaji. Ɓangarensa na labari, Squadron 42, a 2024 aka ce sai 2026. An daɗe ana gafara sa, ba a ga ƙaho ba.

Ta ina kuɗin ke shigowa? Ta sayar da jiragen sararin samaniya na cikin wasan, wasunsu tun suna zane kafin a iya hawansu. A 2018 an fitar da wani ƙunshin jirage a kan dala dubu 27, a 2024 aka fitar da na dala dubu 48. A nan ne babbar hujjarmu take. Ba mu ce Roberts da mutanensa ɓarayi ba ne. Suna da ɗaruruwan ma'aikata a Amurka da Ingila da Jamus da Kanada, kuma ana ganin aikin da suke yi. Abin da muke cewa shi ne, tsarin da kansa ya karkace. Idan alkawari yana kawo kuɗi fiye da abin da kammalawa za ta kawo, me zai sa a yi gaggawar kammalawa? Kowane sabon alkawari yana jawo sabon kuɗi, yana kuma ƙara nauyin aikin da ba a gama ba, nauyin kuma ya buƙaci ƙarin kuɗi. Wanda bai tara da yawa ba ya mutu da yunwa, wanda ya tara da yawa ya rasa dalilin tsayawa.

Masu kare wannan hanya suna da maganganu, kuma ya kamata mu saurare su. Suna cewa manyan kamfanoni matsorata ne, ba sa zuba kuɗi a sabon tunani, karo-karo ne ya ba masu fasaha 'yanci. Akwai gaskiya a ciki. Amma kamfanin da ya ba ka kuɗi yana da akawu, yana da wa'adi, yana da ikon cewa ya isa haka. Mutum dubu ɗari da kowa ya ba da dala 50 ba su da wakili a ɗakin taro, ba su da ikon duba littafin kuɗi sai abin da aka ga damar nuna musu. An sauke asarar a kan jama'a, an bar ribar a hannun kamfani. Wannan ba 'yanci ba ne ga kowa sai ga mai karɓa.

Suna kuma kawo misalin Elite Dangerous, wanda ya tara sama da fam miliyan 1.5 a Kickstarter, ya kuma fito a Disambar 2014. Gaskiya ne. Sai dai kamfanin da ya yi shi, Frontier, yana nan tun 1994, yana da wasu wasannin da ke kawo masa kuɗi, kuma a 2013 ya sayar da hannun jari a kasuwar Landan. Karo-karon ƙari ne a kan jarin da yake da shi. Misalin nan namu yake ƙarfafawa, ba nasu ba.

Ta ƙarshe ita ce: ba wanda aka tilasta wa, kowa da kuɗinsa. Haka ne. Amma rashin tilas ba ya wanke mai alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma wanda ya riga ya zuba dala dubu a abu, da wuya bakinsa ya iya furta cewa ya yi asara. Sai ya ƙara zubawa, ya kuma zama mai kare kamfanin a duk inda aka soke shi. Yawan masu yabo a irin wannan hali ba shaidar lafiyar aiki ba ce.

To ina ruwan marubuci da wannan? Ruwanmu biyu ne. Na farko, duk waɗannan miliyoyin da labari aka tara su. Ɗan gajeren bidiyo da shafi mai daɗin karatu suka sa mutane buɗe lalitarsu. Wannan sana'armu ce, kuma ya kamata mu san cewa alƙalamin da ya iya zana duniyar da babu ita yana iya raba mutum da kuɗinsa. Duk wanda cikinmu zai yi rubutu a kan irin wannan aiki, kada ya tsaya ga kwafo alkawarin masu shi. Ya tambayi nawa aikin zai ci gaba ɗaya, ina sauran kuɗin za su fito, wa zai biya kuɗin tafiyar da shi bayan an buɗe, kuma me mai bayarwa zai riƙe a hannunsa ranar da aka kashe sabar.

Na biyu ya fi kusa da gida. Mu ma muna da littattafan kuɗi da ake biya tun labari yana shafi na goma, a jira sauran kullum a waya. Mun fi masu wasan sa'a, domin littafi in ya ƙare ya ƙare, ba ya neman kuɗin haya kowane wata. Amma jarabawar iri ɗaya ce. Kuɗi sun riga sun shigo, zafin kammalawa ya ragu, sai a ja labari ko a buɗe sabo kafin a rufe tsoho. Shawararmu ita ce mutum ya gama rubutunsa, ko ya ci ƙarfinsa, kafin ya ba da lambar asusu. In kuma dole ne a karɓa tun da wuri, a faɗi ranar gamawa, a kuma faɗi yadda za a mayar da kuɗi idan ba a cika ba.

Wanda yake ganin mun yi tsauri, fili nasa ne. Ya kawo mana sunan babban wasan taron jama'a guda ɗaya da kuɗin karo-karo kaɗai suka gina, ya fito a kan wa'adinsa, ya kuma ci gaba da ciyar da kansa. In ya kawo, za mu sa hujjarsa a maƙalar mako mai zuwa. Kafin nan, birin yana sama, mu kuma kuɗinmu na aljihu.