Digiri Da Aikin Gayya

A shekarar 2023 aka sa hannu a kan dokar da ta ba Kwalejojin Ilmi na Tarayya iznin ba da digiri, bayan takardar NCE da suka saba bayarwa. Lalle abin murna ne, amma akwai abin dubawa.

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, malamai ta horar aka rarraba su larduna. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a ta Bauci, kafin su riƙe ragamar ƙasa. Cikin jama'a suka fara aiki.

Malamin ƙauye ba aji kaɗai ke gabansa ba. Shi ake nema in rijiya ta rufta ko uba ya hana 'yarsa karatu. Tsoronmu shi ne kada mai digiri ya ga ya fi ƙarfin wannan, ya nufi ofis a birni.

Gaskiya ne masu bautar ƙasa, tsarin da aka kafa a 1973, suna da rana guda a mako ta aikin raya gari. To, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawararmu ita ce a tura ɗalibi koyon koyarwa ƙauye, ya buɗe ajin manya, ya zauna da dagaci da iyayen yara, ya jagoranci gayya guda, a ba shi maki kamar sauran darussa. Abin da ba a jarrabawa a kansa, ɗalibi ba ya kula da shi.