Tsintsiyar Salula Ba Ta Gyara Komai

A babbar kasuwar Maradi, duk wanda ya kai salularsa wurin mai gyara ya ce ta yi nauyi, amsar kusan ɗaya ce: "Alhaji, datti ne ya cika ta, bari a sa mata mai shara." Sai a ɗora masa manhaja mai hoton tsintsiya ko roka. Ya danna, roka ta tashi, allo ya yi kore, a rubuta cewa an kwashe ɗaruruwan mega. Ya biya, ya hau kabu-kabu ya nufi Tsibiri da murna. Kafin magariba wayar ta koma cijewarta.

Wannan imani ya zauna daram a zukatan mutane, cewa ram ɗin waya, wato ƙwaƙwalwar da manhajoji ke aiki a cikinta, wuri ne da ake sharewa, kuma yawan filin da ya rage shi ne lafiyarta. Kuskure ne, kuma yana cin batirin talaka da datarsa da kuɗin cajinsa.

Kowace wayar Android, Tecno ce ko itel ko Infinix ko Samsung, tana tafiya ne a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991. Kanel shi ne zuciyar manhajar waya, shi ke raba ram ga duk mai buƙata. Yana yanka ta ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa shafi, galibi kilobait 4. Waya mai giga 4 ke nan tana da shafi kusan miliyan ɗaya. WhatsApp ya karɓa ya mayar, kyamara ta karɓa ta mayar, dare da rana. Bayan kwanaki, shafukan da babu kowa a kansu sun warwatse, ɗaya nan, uku can.

Manomin Jiratawa ya san wannan ciwo. Mutum ya gaji ƴar gona a gabas, wata a bayan gari, wata a tsakanin na ƴan uwa. In aka haɗa lissafi eka guda ce cur, amma babu inda zai shimfiɗa kunya mai tsawo. Haka ram take. Manhajoji na yau da kullum ba su damu ba, domin kanel yana nuna musu warwatsattsun shafuka kamar a jere suke. Amma shi kansa kanel ɗin, da wasu sassan na'ura irin su kyamara da allo da sashen sadarwa, sau da yawa jerarren wuri suke nema. Mai son mega 2 a dunƙule sai an samo masa shafi 512 kafaɗa da kafaɗa. Shafi ɗaya tak ya tsaya a tsakiya ya ƙi motsi, duk jeren ya lalace, ko da rabin ram ɗin a buɗe take.

Injiniyoyi sun daɗe suna kokawa da wannan. Mel Gorman, ɗan ƙasar Ailan, ya kawo dabarar ware shafuka bisa halinsu: masu kauruwa gefe guda, waɗanda ba sa motsi gefe guda, don kada su cakuɗe. Ta shiga Linux 2.6.24 a 2008. A 2010, cikin 2.6.35, ya ƙara da tattarawa: kanel ya bi ram daga ƙasa yana neman shafuka masu kauruwa, ya biyo daga sama yana neman gurabe, ya kwashe waɗannan ya zuba a waɗancan har babban fili ya buɗe. A 2020, cikin 5.9, aikin Nitin Gupta ya sa kanel yana iya fara tattarawar tun kafin a zo nema. Shekara 12 na gyara da gwaji ke nan, a hannun mutanen da sana'arsu ke nan.

To, wace tsintsiya ce za ta yi wannan? Babu. Manhajar da aka sauko da ita ba ta da izinin taɓa shafi ko ɗaya na kanel, ba ta ma ganin inda suke. Iyakacinta ta rufe wasu manhajoji. Gaskiya ne rufewar tana sakin wuri na ɗan lokaci, kuma nan ne masu kare ta ke kafa hujja. Sai dai Android yana da nasa mai wannan aiki, wanda ke rufe abin da ya dace a lokacin da ram ta matse. Abin da tsintsiya ta kashe, minti kaɗan ya sake tashi daga farko, ya ja batir, ya ɗumama waya a zafin Afrilun Maradi. Ita kuma tana zaune a cikin ram ɗin da ta ce ta share, tana jawo talla da datar mai waya.

Kamfanin Google ma ya gaji. A Fabrairun 2020 ya kori manhajojin kamfanin Cheetah Mobile, masu tsintsiyar Clean Master, daga Play Store a cikin ɗaruruwan da ya cire saboda tallar da ke damun mutane. Daga Android 14 na 2023 kuwa, an hana manhaja rufe wata da ba tata ba a bayan fage. A sababbin wayoyi, rokar nan hoto ne kawai.

Ƙanwar wannan yaudara ita ce "8+8" da ake bugawa a kwali da manyan baƙaƙe. Takwas ɗin farko ram ce. Ta biyun aro ce daga ma'ajiyar hotuna da bidiyo, wadda ba ta kama ƙafar ram a sauri ba, kuma kyamara ba za ta samu jerarren wurinta a can ba. Tana ɗan taimakawa wajen ajiye manhajar da ba a amfani da ita, shi ke nan. Wanda ya ƙara jaka goma don ya ji an ce 16, an sayar masa da lamba.

Ba kowane nauyin waya ne daga warwatsewar ram ba. Cikar ma'ajiya, tsohon batir da zafi duk suna da hannu. Amma maganin da ke aiki kyauta ne: a kashe waya a kunna lokaci-lokaci, domin hakan na mayar da ram sabuwa fil, a cire manhajojin da ba a buƙata, a karɓi sabuntawar tsari in ta zo.

Masu gyara na Maradi mutane ne masu basira, da yawansu da ido da hannu suka koyi abin da wasu suka biya kuɗi suka karanta. Su daina ɗora wa mutane tsintsiya. Masu sayarwa su faɗi ram ta gaskiya kafin a ƙirga kuɗi. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma, Linux a buɗe yake ga kowa, su karanta shi su shiga gidajen rediyon Maradi su yi wa jama'a bayani da Hausa. Mai salula kuwa ya duba allonsa yau, in ya ga tsintsiya ko roka, ya goge ta.