Shin Janwe Ba Ta Ganin Motar Manya Ne?

Daga wakilinmu na Birnin Kebbi

Jama'a, yau muna so mu yi magana a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana ci wa talakawa tuwo a ƙwarya, musamman direbobi da 'yan kasuwa da masu kabu-kabu da Keke Napep, watau yadda 'yan sanda da sauran ma'aikatan hanya suke jan motocin da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba. Tun da farko bari mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Wannan jarida ba ta goyon bayan mutumin da zai tare hanya da motarsa ya tafi sha'aninsa, ya bar mai naƙuda a cikin wata motar ta kasa isa Asibitin Sir Yahaya. Wannan laifi ne, kuma ya kamata a hukunta shi. Abin da muke tambaya shi ne, wa ake hukuntawa, da wace doka, kuma ina kuɗin suke tafiya?

Ga abin da na gani da idona a nan unguwar Nasarawa. Wani maƙwabcina yana da 'yar tsohuwar a-kori-kura, da ita yake ɗauko tumatir da tattasai daga fadama yana kawo wa 'yan kasuwa. Wata safiya ya tsaya a bakin titi don 'yan dako su sauke kwanduna, bai kai ga kashe mota ba sai ga janwe da wasu ma'aikata masu kaki. Ba su tambaye shi komai ba, suka ɗaura sarƙa suka ja, da sauran kayan mutane a ciki. To, a gabansa kaɗan, tazarar da ba ta fi taku goma ba, ga wata ƙatuwar mota mai baƙin gilashi ta ci rabin titi tun da hantsi, mai ita yana cikin shago. Ko kallonta ba su yi ba. Bawan Allah ya yi kwana biyu yana safa da marwa, a ce masa oga ya fita, a ce masa ya dawo gobe. Da ƙyar ya karɓo motarsa bayan ya biya abin da ya fi ribarsa ta mako guda, kuma da ya nemi rasit sai aka yi masa dariya. Tumatir kuwa ya riga ya ruɓe a rana, masu kaya suna jiransa ya biya su.

Wai shin janwen nan makauniya ce, ko kuwa ido ɗaya gare ta, wanda yake ganin motar talaka kaɗai? Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin auren 'ya'yan manya, ko ya halarci bikin kamun kifi na Argungu wanda ake yi tun 1934, ya san yadda motocin manyan baƙi suke cika hanya dama da hagu, ma'aikata kuma su tsaya suna gadinsu suna sara musu. Ba mu ƙi a girmama baƙo ba. Amma in tare hanya laifi ne ranar kasuwa, to, laifi ne ranar biki. In kuwa mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, da wane baki zai tashi wani?

Masu kare wannan hali suna cewa ai direbobi ba su da ɗa'a, sai an nuna musu ƙarfi. Mun ji. To, amma su gaya mana, ina aka tanadar wa mai kaya ya tsaya? Tun 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha. Daga nan zuwa yau mutane sun ƙaru, motoci sun ninka, shinkafa tana shigowa daga Argungu da Suru, albasa daga Aliero, kifi daga Yawuri. Dukan kayan nan ba a ka ake kawo su ba, a mota ake kawo su, kuma tilas motar ta tsaya kusa da rumfar mai kaya kafin a sauke. Ɗan kasuwa yana biyan kuɗin rumfa, direba yana biyan kuɗin tasha da na takardun mota kowace shekara. In hukuma ta karɓi waɗannan kuɗi ba ta ware wurin sauke kaya isasshe ba, ba ta kafa allon da ke cewa kada a tsaya a nan ba, sannan ta aiko janwe, ai tarko ta ɗana. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu bari mu zo ga doka, gama mu ba da ka muke magana ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 17, ya ce 'yan ƙasa duka daidai suke a gaban shari'a. Sashe na 36 ya ba kowa damar a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, ya kuma ce ba a kama mutum da wani laifi sai in laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka. Sashe na 44 ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta tsara. Saboda haka tarar da ake yankewa a bakin titi, a yi ciniki a kanta kamar ana sayen akuya a kasuwar Jega, ba tara ba ce. Sunanta cin hanci, ko da an kira ta na goro.

Kada kuma wani ya ce ai wannan maganar takarda ce kawai. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a gaban Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke hukunci cewa ma'aikatan duba motoci na Abuja, waɗanda aka fi sani da VIO, ba su da ikon tsare mota ko ƙwace ta ko cin mai ita tara. Gaskiya ne hukuncin nan a kan ma'aikatan Abuja aka yi shi, ba a kan 'yan sandan Kebbi ba. Amma darasinsa ya iso har bakin Gulbin Rima: sanya kaki ba ya mai da mutum alƙali, kuma duk wanda ya taɓa dukiyar wani sai ya nuna dokar da ta ba shi iko.

Hanyar yin abu daidai ma ba ɓoyayya ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tsarinta shi ne a rubuta wa mai laifi takarda da sunan laifinsa, ya je ya biya ta banki. Tun 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta a riƙa zuba kuɗin shigarta cikin asusu guda, don a rage hannuwan da kuɗi suke bi. To, me zai hana a yi haka da kuɗin janwe? Wanda ba ya son rasit, ya san abin da yake ɓoyewa.

Ku tuna kuma da halin da direba yake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya ninka har sau da yawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, mai Keke Napep kuwa ba shi da albashi ko na kwabo, kullum sai ya kai wa mai keke balas kafin ya cire na cefane. Kwana ɗaya da abin hawansa zai yi a tsare, gidansa ba a ɗora tukunya ba. Babban mutum in an ja motarsa, waya ɗaya zai buga a dawo masa da ita har da ban haƙuri. Hukunci iri ɗaya ne a baki, amma wani ƙaiƙayi yake ji, wani kuwa yanka ne.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba alfarma muke roƙo ba. Na ɗaya, a kafa alluna da Hausa da Turanci a duk inda aka hana tsayawa, kuma kada a ja mota a inda babu allo. Na biyu, a ware wurin sauke kaya da lokacinsa a babbar kasuwar Birnin Kebbi da ta Argungu, a zauna da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyar direbobi kafin a yanke. Na uku, in direba yana cikin motarsa ko yana kusa, a ce ya matsa, in ya cancanci takarda a rubuta masa, janwe kuwa a bar ta don motar da aka gudu aka bari. Na huɗu, a buga kuɗin tara da na janwe a fili, a karanta a gidan rediyo, a biya a banki, a ba da rasit. Na biyar, kada a tsare kayan da ke lalacewa tare da mota. Na shida, wanda bai yarda da laifinsa ba a kai shi gaban majistare cikin gaggawa. Na ƙarshe, kuma shi ne uwa uba, janwe ta fara aikinta daga ƙofar ma'aikatun gwamnati da gidajen manya. Ranar da talakawa suka ga an ja motar kwamishina, ranar za su gaskata cewa doka ce.

Ku kuma 'yan'uwa, ga namu aikin. Kada ku yi faɗa da ma'aikaci a kan titi, gama wannan zai ba shi hujjar da bai da ita. Ku tambaye shi laifinku cikin ladabi, ku riƙe sunansa da lambar da ke ƙirjinsa, ku nemi shaidu biyu daga maƙwabtan rumfa, ku nemi rasit a kan kowane kwabo. In an hana ku, ku kai wa shugabannin ƙungiyarku, su rubuta ƙara zuwa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi kafin ta saurari mutum. Ƙarar mutum ɗaya ana iya jefa ta a kwandon shara, amma ta mutum ɗari mai ɗauke da sa hannu da kwanan wata tana da wuyar ɓata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan majalisar jiha da muka zaɓa kuma, muna jiran mu ji wanda zai fara miƙewa ya kawo wannan magana a zaure. Muna rubuta sunayen masu shiru, kuma za mu karanta muku su kafin ranar zaɓe. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, amin.