Wa Zai Ciyar da Mai Ciwon Daji?

Sa'ad da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, ya umarta a ba ta abinci. Markus ya rubuta wannan a ƙarshen sura 5. Ubangiji bai raba warkarwa da ciyarwa ba, amma ekklesiyoyi da yawa sun raba su.

A shekara ta 2007 gwamnatin Nijar ta sa maganin ciwon daji na mata cikin ayyukan kyauta. A 2021 aka fara gashin ciwon daji da na'ura a Yamai. Abin godiya ne. Amma na'ura ba ta dama kunu. Matar da ta taso daga Damagaram, tafiyar kilomita kusan 900, za ta yi makonni a birni tare da mai jinyarta. Baki biyu ke nan, ga gona an bari, ga akuya an sayar.

Ciwon daji yana cinye naman jiki. Magungunansa kuma suna kawo amai da miki a baki, har tuwo ya gagara haɗiyewa. Majinyaci yana bukatar ƙwai, madara, kifi, wake da kunun gyaɗa, kaɗan kaɗan sau da yawa a yini. Wani sai ta robar hanci ake ciyar da shi. Idan ya rame ƙwarai, likita yakan ɗaga magani, wurin fiɗa kuma ya ƙi warkewa. Ashe abinci magani ne, talaka kuwa shi yake biyansa kowace rana.

Ina ekklesiya? Tana tara baiko domin sabuwar lasifika da ankon taro. Dattawa sukan ziyarci gadon, su yi addu'a, su fita hannu wofi. Wasu ma suna ɗora wa mara lafiya azumi, wai bangaskiya ce. Wannan ba bangaskiya ba ce, zalunci ne. Yakubu ya riga ya tsauta wa masu sallamar mayunwaci da fatar baki.

Kada a ce babu kuɗi. Manzanni sun keɓe mutum bakwai domin rabon abinci kawai. Bari kowace ekklesiya ta ware tiyar wake da gyaɗa daga baikon kaka. Bari zumuntar mata ta birni ta raba kwanakin girki domin baƙin asibiti, Kirista ko Musulmi. Addu'a ta tafi tare da kwano.