SABABBIN FINAFINAI: WANNE YA CANCANCI KALLO, KUMA INA MUTUMIN LAMBARA ZAI GAN SHI?

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, ko kuwa bukukuwan Sallah suka gabato, masu shirya finafinai a ƙasar nan su kan fito da manyan ayyukansu zuwa gidajen silima, domin a waɗannan lokuta ne jama'a suke da sukuni da ɗan abin kashewa. A zamanin yau kuwa labarin sabon fim ba ya kwana a hanya. Kafin a yi kwana biyu da fara nuna shi a Legas ko Abuja ko Kano, matasan Lambara, a yankin Bodinga da Shagari cikin Jihar Sakkwato, sun riga sun ga tallarsa a wayoyinsu, sun san sunayen 'yan wasan, har suna gardama a kansa a bakin kasuwa. Abin da suka rasa shi ne wurin da za su zauna su kalli fim ɗin kansa. Saboda haka tambayar da ake yi a birane, watau wane fim ne ya cancanci a biya kuɗi a gani, idan ta iso ƙauye sai ta haifi wata wadda ta fi ta nauyi: ta wace hanya fim ɗin kirki zai kai ga mutanen da aka yi shi da harshensu?

KASUWAR TANA KUDU

Idan aka dubi cinikin da gidajen silima suka yi a 'yan shekarun nan, za a ga cewa sana'ar ta bunƙasa ƙwarai. Fim ɗin Funke Akindele mai suna A Tribe Called Judah, wanda aka fara nunawa a watan Disamba na 2023, shi ne fim ɗin Nijeriya na farko da cinikinsa ya haura Naira miliyan dubu ɗaya a gidajen silima. Da shekara ta zagayo, a watan Disamba na 2024, sai ta sake fito da Everybody Loves Jenifa, wanda ya zarce na farkon. Finafinai ne na nishaɗi da rikicin iyali, mafi yawan maganar cikinsu da Turanci da Turancin Buroka da Yarabanci.

Amma yawan ciniki ba shi ne ma'aunin kyawun fim ba. Mafi yawan gidajen silima na zamani suna Legas da jihohin da ke maƙwabtaka da ita da kuma Abuja, galibi a cikin manyan kantuna, kuma kuɗin shiga na mutum guda ya kan kai Naira dubbai. Ke nan alƙaluman ciniki suna bayyana abin da mazauna waɗannan birane masu hali suke so ne kawai. Manomin Lambara ba ya cikin lissafin. Daga Sakkwato zuwa Kano, cibiyar finafinan Hausa, tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta bi ta Jihar Zamfara inda matsalar tsaro ta daɗe tana damun matafiya. Babu mai hankalin da zai yi wannan tafiya domin kallon awa biyu.

WAƊANDA SUKA CANCANCI KALLO

Ga mai neman fim ɗin da zai tashi da wani abu a zuciyarsa bayan an kunna fitilu, akwai guda huɗu ko biyar da ya kamata a ambata.

Na farko shi ne Mai Martaba, wanda Prince Daniel, da aka fi sani da Aboki, ya ba da umarninsa, aka fito da shi a 2024. An ɗauke shi a Daura ta Jihar Katsina, kuma Adam A. Zango yana cikin 'yan wasansa. Labari ne na wata masarauta ta ƙirƙira mai suna Jallaba, wadda ta yi arziki da fataucin Sahara, sa'an nan rikicin gadon sarauta ya dabaibaye ta sa'ad da sarki ya ƙudurta cewa 'yarsa ce za ta gaje shi. Zaɓen Daura ya dace, domin tarihin garin ya fara ne da sarautar mata. Duk wanda ya tashi a ƙasar sarakuna da hakimai zai gane abin da ake faɗa game da alkawari da cin amana da kwaɗayin mulki ba tare da an yi masa fassara ba. Shi ne fim ɗin da Nijeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka ta shekarar 2025, ko da yake bai samu shiga jerin 15 da aka tace ba.

Na biyu shi ne The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, na shekarar 2020. Sunansa na Turanci ne, amma mafi yawan maganar cikinsa da Hausa ake yi. An ɗauke shi a Jihar Taraba, yana ba da labarin wasu 'yan mata biyu 'yan'uwa, masu tallar nono, waɗanda 'yan ta'adda suka tarwatsa rayuwarsu. Ya lashe kyautar fim mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2020, Maryam Booth kuma ta samu kyauta saboda rawar da ta taka a ciki. Fim ne mai nauyi wanda bai dace da ƙananan yara ba, amma ga jama'ar Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda suka san zafin satar mutane da ƙone ƙauyuka, labarin ba baƙo ba ne. Shi ma Nijeriya ta aika shi gasar Oscar ta 2021.

A nan akwai abin lura. A 2019 masu gasar Oscar sun ƙi karɓar fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji a rukunin finafinan ƙasashen waje, saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Tun daga lokacin, sau biyu harshen Hausa yana ɗaukar tutar Nijeriya zuwa wannan gasa. Alƙalai a Amurka sun ga finafinan nan biyu, alhali kuwa mafi yawan Hausawan karkara ko sunansu ba su taɓa ji ba.

Na uku shi ne My Father's Shadow na Akinola Davies Jr., wanda a 2025 ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da aka zaɓa a hukumance a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Yana bin wani uba da 'ya'yansa maza biyu a yini guda cikin Legas, lokacin rikicin zaɓen shugaban ƙasa na 1993. Ba da Hausa aka yi shi ba, amma darasinsa a kan uba da ɗa da halin da talaka ke shiga idan siyasa ta rikice ya shafi kowa.

Mai neman dariya kuwa yana iya neman Mati A Zazzau na 2020, wanda Rahama Sadau ta shirya, Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mati. Sai kuma tsohon da ya koma sabo, watau Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Kamata ya yi kowace makarantar sakandare a Arewa ta nuna wa ɗalibanta shi.

YADDA AKA RABU DA SILIMA

Ba haka kawai Arewa ta wayi gari babu gidajen silima ba. Da can akwai su a manyan garuruwa. Kano tana da Rex da Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba, a birnin Sakkwato ma har yanzu akwai unguwar da ake kira da sunan Sokoto Cinema. Amma tun farko silima ta shigo da baƙin jini. Mutane da yawa suna ganinta matattarar 'yan iska, matan aure da 'yan mata masu mutunci ba sa zuwa. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya ta Kano ran 13 ga watan Mayu na 1951, wadda ta halaka mutum 331, ta ƙara tsoratar da jama'a.

Daga baya sai tattalin arziki ya yi nasa aikin. Faɗuwar darajar Naira daga 1986 ta sa shigo da finafinai daga Indiya da Amurka ya yi tsada, ga kuma bidiyo ya shiga gidaje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset, daga nan masana'antar finafinan Hausa ta kafu a kan kallon cikin gida. A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da harkar fim da silima, sa'an nan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirinta na gina ƙauyen finafinai a Kofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a da dama sun nuna rashin yarda.

Da kasuwar faifan CD ta mutu saboda satar fasaha, masu shirya finafinan Hausa sun gwada komawa silima. Fim ɗin Mansoor na Ali Nuhu, na 2017, yana daga cikin waɗanda suka ja jama'a zuwa silimar da ke cikin kantin Ado Bayero a Kano. Sai dai ɗaki ɗaya ko biyu ba za su riƙe masana'anta ba, annobar korona ta 2020 kuma ta zo ta rufe ƙofofin na tsawon watanni.

ABIN DA YA MAYE GURBI

Yau abin da ke isa garuruwa irin su Lambara da Bodinga da Shagari shi ne finafinai masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina na tashar Arewa24, da Izzar So na YouTube, da kuma finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Galibi ta hannun masu tura finafinai a waya ake samunsu, a shagunan cajin waya, a kan kuɗi kaɗan. Wasu daga cikinsu suna da ma'ana, sun kuma sama wa dubban matasa abin yi.

Amma wannan hanya tana da illa biyu. Ta farko, kuɗin da mai kallo ya biya a shago ba kasafai yake komawa ga wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim ba, don haka mai shiryawa ya kan gwammace aikin gaggawa mai arha. Ta biyu, kallo ya koma na ɗaiɗaiku. Yaro yana ƙuryar ɗaki da waya, uba bai san abin da yake gani ba. Abin da aka guje wa a silima ya biyo mutane har cikin gida, kuma a nan babu mai tacewa.

A KOMA GA MAJIGI

Dattawan ƙasar Sakkwato ba su manta da majigi ba. Tun zamanin Turawa, har zuwa lokacin Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Sa Ahmadu Bello, motocin Ma'aikatar Watsa Labarai su kan shiga ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a nuna finafinan noma da tsabta da yaƙi da jahilci, irin su Baban Larai na shekarun 1950 wanda ya koyar da noman auduga. Maza da mata da yara duk suna fitowa, ba a kuma ɗauke shi abin kunya ba, domin a fili ake yi, a gaban shugabanni.

Abin da ya yiwu a wancan zamani da manyan injuna ya fi sauƙi yau, da ƙaramin injin haska hoto da lasifika da batirin hasken rana. Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, wadda aka kafa a 1979, tun watan Janairu na 2024 aka ɗora Ali Nuhu a kan shugabancinta, mutumin da ya san ciwon wannan sana'a ciki da waje. Idan hukumar ta haɗa kai da Gwamnatin Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomi, ana iya sayen izinin nuna finafinai kaɗan masu inganci daga masu su, a fara nuna wa hakimai da malamai su amince, a ware wurin zaman mata dabam, sa'an nan a zagaya da su a ranakun kasuwa a garuruwan da tsaro ya samu. Ko da ɗan kuɗi kaɗan aka karɓa a bakin ƙofa, zai koma hannun masu aikin, ya ƙarfafa musu gwiwa su sake yin wani.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. An daɗe ana ba mutanen karkara labarin cewa finafinan Hausa sun kai Amurka da Jamus. Lokaci ya yi da za a kafa musu ƙyalle a filin makarantar firamare ta Lambara, su ga Mai Martaba da Shehu Umar da idanunsu, su yanke hukunci da kansu.